Shekarar da Na Ce Rabe Bai Isa Ba

Ranar da Balki ta dawo daga suna a unguwar Bagalam tana huci na san dole in rubuta wannan babin. Wai wata tsohuwa ce ta tambaye ta ɗiyar wa ce, da ta faɗa sai tsohuwar ta riƙe haɓa ta ce, au, Mushe Ila da ya kashe wa yaron Jiratawa kokowa saboda jam'iyya. Balki ta so ta koma ta wanke ta tas, don halin uwarku ta kwaso ba ta rage komai ba. Na hana ta. Maganar ta fi shekara talatin tana yawo a garin nan, kuma na lura ba ta da niyyar riga ni mutuwa. Saboda haka ga yadda abin ya kasance, ku karanta ku duka, don wasunku suna goye a lokacin, wasu ma ba a haife su ba.

Aikina na gwamnati kun san shi, malamin motsa jiki ne a kolej, shi ya sa ake ce mini Mushe kamar sauran malaman boko. Amma abin da Maraɗi ta san ni da shi daban ne. Ina cikin kwamitin da ke zaɓen 'yan kokowa goma da za su tsaya wa jiharmu a gasar ƙasa, inda ake neman takobin da ake ba zakara, kuma a cikin kwamitin ni ne ido. Sauran alhazai ne da ma'aikata, su ke kawo hatsi da mota da takarda, ni kuma in ce wannan zai yi, wancan ba zai yi ba. Ba yabon kai ba, ban cika kuskure ba. Jama'a in sun zo kallo ƙirji da damtse suke duba, su saurari kirari, su yi ta ihu. Ni ƙafa nake fara kallo, sannan numfashi, sannan abin da mutum zai yi da idonsa bayan an kayar da shi. A wurin mahaifina na koya, wanda ya yi kokowa a Tsibiri har gwiwarsa ta karye masa, kuma bai taɓa ce mini na iya komai ba har ya koma ga Allah.

Shekarar ta farkon jam'iyyu ce, bayan babban taron ƙasa. Kowane zaure da tutarsa, kowace rumfar shayi da nata 'yan siyasa, har wanzamai sun rabu gida biyu, sai mutum ya duba kafin ya miƙa kansa. Makarantu kuwa a rufe suke, yau malamai sun shiga yajin aiki, gobe ɗalibai sun karɓa. Zaman gida ya ishe ni, ni ma na ishi uwarku, har ta ce in ɗauki babur ɗina mobilet in je in nemo mata 'yan kokowa ko ta samu ta yi shara. Haka na shiga ƙauyuka bayan kaka, duk inda na ji ganga sai in karkata.

Wata Laraba da la'asar na isa Jiratawa. Samari sun share wani fili a gefen gonakin ban ruwa, lakar ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, an yi da'ira ana ta kamawa. Na jingina mobilet na tsaya a baya, ban gaya wa kowa ko ni wa ne ba. An yi kamu huɗu ko biyar na banza, irin na masu ƙarfi da ba su san abin da za su yi da shi ba. Sai wani saurayi ya shigo, bai wuce shekara goma sha tara ba, matsakaicin tsayi, dogon hannu, ƙugu a cike. Laya ɗaya ce tal a damtsensa, alhali abokin kamunsa ya sha layu har ba a ganin wuyansa. Bai yi kirari ba, bai zagaya fili ba. Ya duƙa, ya ɗora hannun hagu a ƙeyar mutumin a hankali, kamar uwa mai jin zafin jikin ɗanta, ya tsaya haka. Mutane suka fara tsaki wai ya ƙi kai hari. Ni kuwa na gane abin da yake yi, sauraro yake da tafin hannunsa. Mutumin na sakin numfashi don ya jawo wani, saurayin ya shige ƙarƙashinsa, ban ga tashi ba sai faɗuwa. Ya miƙa hannu ya tashe shi, ya kakkaɓe masa baya.

Biyar ya kayar a yammacin nan, kuma babu biyu da ya kayar iri ɗaya. Wani ya ɗauke masa ƙafa, wani ya bar shi ya turo har ya wuce da kansa, wani ya taɗe shi. Bai yi fushi ba ko sau ɗaya, numfashinsa bai canza ba. Na ga masu ƙarfi da yawa a rayuwata, na ga masu dabara, amma mai haƙuri a wannan shekarun ban taɓa gani ba, don haƙuri a fili sai gemu ya fito ake samunsa. Da aka watse na kira shi, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, na tambayi sunansa ya ce Rabe. Na dube shi sama da ƙasa, na ce masa ba laifi.

Abu ɗaya na gani da ya dame ni, kuma na so in tabbatar. Na je wurin mahaifinsa, wani dattijo mai noman alkama da tattasai, tutar jam'iyya na kaɗawa a kan dangarsa. Na roƙe shi ya ba ni yaron ya zauna a gidana in gwada shi. Ya ce Rabe ne ke buɗe masa ruwa a gona, amma idan na ga wani abu a jikinsa ya ba ni. Ya tambaye ni me na gani. Na ce sai an gwada tukuna.

Washegari na goya shi zuwa Tsibiri, muka gangara cikin gulbi inda ruwa ya janye ya bar rairayi mai laushi har idon sawu, irin wanda ake zubawa a babban filin kokowa. Na nemo Barmo, wani mahauci da ya haura arba'in, wanda a zamaninsa ma bai wuce ɗan kokowar kasuwa ba. Barmo ya kayar da Rabe sau uku kafin rana ta yi zafi. Abin da na zarga ne ya fito. Yaron a kan busasshiyar laka ya koyi tsayuwa, inda mutum zai kafa diddige ƙasa ta riƙe shi. A rairayi kuwa diddigen nutsewa yake, in aka ja shi gefe jikinsa ya tafi ƙafar ta ƙi bin sa. Barmo sai dariya yake, yana cewa ashe da sauransa. Amma a faɗuwa ta uku Rabe bai dubi Barmo ba, bai dube ni ba. Ya tsuguna yana kallon ramuka biyu da diddigensa suka haƙa, ya sa hannu ya auna zurfinsu. A nan na gama yanke hukunci a raina: in aka ba yaron nan shekara ɗaya a rairayi, takobi zai zo Maraɗi ya daɗe bai fita ba. In kuma aka jefa shi gasar ƙasa bana, wani ƙato zai murɗe shi diddige na binne, gwiwar ta tafi kamar ta mahaifina.

Wata uku ya yi a zaurenmu. Manyan cikinku za su tuna shi, shi ne mai ɗaukar ku biyu-biyu a kafaɗa yana zagaya tsakar gida. Kullum da safe mu tafi Tsibiri, ya yi gudu a gulbi, ya yi kamu da duk wanda na samo. Kalma biyu nake maimaita masa, ɗaga diddige, ɗaga diddige, har yaran Tsibiri suka sa mini suna da ita. Yana gyaruwa, ina gani. Cikin wata na biyu Barmo ya daina dariya, cikin na uku ya fara cewa yana da aiki a mahauta. Sai dai in Rabe ya gaji, ko aka matsa masa, ƙafar sai ta koma gidanta na laka. Ba na ce masa komai. In ya yi daidai in yi shiru, in ya yi kuskure in yi magana, yadda aka yi mini.

Mutum ɗaya na gaya wa abin da ke raina, uwarku Barira, ita ma da muryar da ake faɗin cikin wata biyu. Na ce mata ban taɓa ganin kamarsa ba, kuma ba na jin zan sake gani. Ta ajiye tsintsiya ta tambaye ni ko shi ya sani. Na ce ina zai sani. Bayan kwana biyu ta tare ni ina wanke mobilet.

"Malam, yaron ga shina ramewa. Ba abinci ba ne, tuwo shina ci. Kai yake kallo. Ka hwaɗa mishi ko rabin abin da ka hwaɗa mani."

Kakarku Iya tana bakin ɗakinta tana tsinke zogale. Kunnenta ba ya jin kiran salla sai an taɓa ta, amma irin wannan ba ta wuce ta. Ta ɗago ta ce da ni:

"Ila, kul. Ba a yabon ɗan mutane a gaban idonshi. Ka manta Mamman?"

Mamman yayana ne, ba ku san shi ba, ni ma da ƙyar nake tuna fuskarsa. Ya fara kokowa yana tashe, wani makaɗi ya tsaya tsakiyar kasuwar Tsibiri ya ce ba a haifi kamarsa ba. Wata bai cika ba zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Iya har ta mutu ba ta yarda ciwo ne ba, baki ne ya ci mata ɗa. Ni da na yi boko, a gaban ɗalibai dariya nake wa irin wannan magana, in ce sauro ne da ruwa marar kyau. Amma ku ji gaskiya, da ta ambaci Mamman sai na ji harshena ya yi nauyi. Na gaya wa kaina wai ina gudun kada yaro ya kumbura kai ne. Tsoro nake ji, irin na Iya, kuma ina son yaron fiye da yadda zan iya gwada sa'a a kansa. Uwarku ba ta ja da surukarta ba. Ta ɗauki tsintsiyarta, ta ce Allah shi kyauta.

Sau ɗaya Rabe ya tambaye ni. Muna dawowa daga Tsibiri, yana bayana a kan mobilet, ya matso kusa da kunnena ya ce, Mushe, yaya ka gani. Na ce da sauran aiki. Bai sake tambaya ba.

Zaman zaɓen goma a zauren Alhaji Mati aka yi shi, wani attajiri mai fataucin atamfa da ke ciyar da 'yan kokowarmu kowace shekara. Da can in mun zauna kokowa muke yi wa gardama. Bana kuwa kowa ya shigo da jam'iyyarsa a aljihu, har wurin zama an raba, waɗannan a dama waɗancan a hagu. Alhaji Mati jam'iyyarsu ɗaya da mahaifin Rabe, kuma labarin yaron ya riga ya kai masa, yana so a ce ɗan gidansu ne ya fito. Ni ba ni da katin jam'iyya ko ɗaya, amma ƙanena yana cikin manyan ɗaya ɓangaren, kuma a shekarar nan wannan ya isa shaida. Muka wuce mutum tara ba wata matsala. Da aka zo na goma Alhaji ya juyo gare ni.

"Mushe, kai ka kawo shi gari, kai ka riƙe shi wata ukku. To hwaɗa muna tsakaninka da Allah, shina iyawa ko bai iyawa?"

Mutum goma sha biyar ne a zauren, kuma kowannensu yana da rumfar da yake zama da yamma. In na ce shi ne mafi kyau da na taɓa gani, to an gama, za su sa shi bana, ba wanda zai saurari zancen diddige. Kuma kafin magariba bakin Maraɗi duka yana kansa. Da na yi musu dogon bayani, da na ce a ba ni shekara ɗaya za ku gani. Ban yi ba, don a ganina ko wannan yabo ne. Na zaɓi mafi gajeriyar hanya, na ce:

"Bai isa ba."

Alhaji ya daɗe yana kallona, sannan ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano wani abu, ya ce to, mun ji. Aka rubuta sunan wani ɗan Gidan Runji. A kan hukuncin kansa har gobe ban yi nadama ba, da za a sake tara ni a zauren nan ba zan sa shi a goman ba.

Maganar ta riga ni isa gida. Na tarar ya naɗe tabarmarsa ya jingina ta a bango, ya ɗaure kayansa a ɗankwali, yana durƙushe bakin ɗakin Iya yana sallama. Da ya gan ni ya taso ya sake durƙusawa a gabana, idonsa a ƙasa.

"Mushe, an ce ka ce ban isa ba."

"Haka na ce."

Sai ya tambaya: "Ko nan gaba?"

Uwarku tana tsaye bakin madafa da ludayi a hannu, ta kafe ni da ido. Iya tana kan tabarmarta, ita ma ni take kallo. Na ce masa gaba tana hannun Allah, ya tafi ya ci gaba da gudu a rairayi. A zuciyata na riga na tsara komai, bayan damina zan je in ɗauko shi, mu yi shekara cur a gulbi, baɗi in kai shi zauren Alhaji in zauna in yi shiru, su gani da idonsu. Na ɗauka ya ji wannan duka a cikin zancen gudu. Ya yi godiya, ya ɗauki ƙunshinsa. Uwarku ta bi shi har ƙofa ta ba shi fura a ƙwarya, ta dawo ta wuce ni. Kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai ga ruwa, ga abinci.

Bayan an yi girbi na koma Jiratawa kamar yadda na tsara. Mahaifinsa ya fito ya same ni a ƙofa, bai shimfiɗa mini tabarma ba. Ya ce Rabe ya bi motocin masu fataucin mai tun tsakiyar damina, ya kwance layarsa ya ba ƙaninsa, ya ce ya bar kokowa. Ya ƙara da cewa ba komai, sun san dalili, Allah ya bar kowa da jam'iyyarsa. Na buɗe baki in yi bayani, sai na ga ko ga uban ma abin da zan faɗa yabo ne, kuma ga maƙwabta sun fara matsowa. Na ce in ya zo a ce ina nemansa. Bai zo ba. Na aika sau biyu ta hannun direbobi, duk saƙon ɗaya ne, Mushe na nemanka. Shekarar da ta biyo aka sake kwamiti ba sunana a ciki, kuma labarin jam'iyya ya zauna daram. Ban ƙaryata shi da ƙarfi ba. Na gaya wa kaina gara a zage ni a kan abin da ban yi ba. Abin da ke cina shi ne duk shekara in an fara gasa ina jin rediyo, in ji sunan wanda ya ɗauki takobi, in san a raina cewa Rabe zai kayar da shi.

Sai bayan shekara ashirin da wani abu muka sake zama wuri ɗaya. Iya ta daɗe da rasuwa, uwarku ma ta cika shekara biyu a ƙasa. Na ji mahaifin Rabe ya rasu, na hau kabu-kabu da safe na tafi ta'aziyya. Da ƙyar na gane shi. Ya yi tumbi, gemu ya yi furfura, yana da motarsa ta kansa mai kai tattasai kudu, ga 'ya'yansa samari a bayansa. Amma hannun na nan, da ya riƙe nawa na ji shi. Ya zaunar da ni kusa da shi, yana ce mini Mushe kamar jiya muka rabu. Da jama'a suka ɗan ragu na ce ina da magana da na riƙe masa. Na faɗa masa duka, a gaban 'ya'yansa. Na gaya masa abin da na gani ranar Larabar nan, da yadda ya auna ramukan diddigensa, da shekara ɗayar da na tsara mana. Na ce na yi shekara arba'in ina kallon kokowa ban ga na biyunsa ba. Na ce kuma wallahi ba don jam'iyya na hana shi ba, ya yafe mini in ya ɗauka haka ne.

Bai katse ni ba. Yana jan carbi a hankali har na gama, sannan ya ɗago. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da ya fi mini sauƙi.

"Mushe, ni ban taɓa yarda da zancen jam'iyya ba. Baba ya yarda, gari ya yarda, ni ban yarda ba. Da na ɗauka don siyasa ne, ai da na tahi wata jiha na yi kokowa don in ba ka kunya." Ya mayar da ido kan carbinsa. "Wata ukku ina gidanka, ban taɓa jin ka yi ƙarya ba. Kuma kowa ya san idonka bai kuskure. Da ka ce ban isa ba, sai na ce to, ban isa ba. Shi ya sa na bari."

Wasu mutane suka yi sallama daga ƙofa, sun zo gaisuwa. Rabe ya gyara zama ya ɗaga hannu don addu'a. Ni ma na ɗaga nawa, amma ban ji abin da aka roƙa ba.